Jan Zare a Cikin Ƙwallon Gilashi

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar Inna? Ki ce mata na ce ta daina yi wa man shafawar nan rowa, don a shafa aka saye shi, ba don a ɓoye a ƙarƙashin matashi ba. Ni lafiyata ƙalau, sai kunnen nan da rurin tanderu ya gama cinyewa. Shi ya sa nake ce miki ki bar wahalar da kanki da kiran waya, ke kina ihu ni ina ihu, a tashi babu wanda ya ji wani.

Ga ƙwallayen gilashi biyar nan a cikin ƙunshin, na bana ne, ki zuba a kwalbarki. Amma waɗannan ki dube su da kyau, don suna da labari.

Makon jiya wata mata ta zo masana'antarmu. Tana cikin masu tara irin waɗannan ƙwallaye, ba don wasa ba, don ajiya kawai da kallo. Mun sa mata suna Mai Tabarau, don guda biyu take ratayawa a wuya, ga kuma madubin ƙara girma a hannu. Ta shiga ofishin Manaja da ƙwallo ɗaya a tafin hannunta, ta ce sai an nuna mata wanda ya yi shi. Manaja ya yi dariya ya ce ai inji ne. Ta ce inji mulmulawa kawai ya iya, ita hannun da ya zuba jan take nema. Auta, ashe yayanki ake nema!

Bari in bayyana miki, don na san a ganinki maɓalli kawai muke dannawa mu koma mu zauna. Farin gilashi yana narke a cikin tanderu, yana tsiyaya ta wani rami a ƙasa, da kauri kamar zuma. Almakashin ƙarfe yana yanke shi gutsure-gutsure. Kowane gutsure sai ya faɗa kan wasu gungumen ƙarfe biyu masu tsagi, suna juyawa suna mulmula shi har ya zama ƙwallo, ya gangara cikin ganga ya huce a hankali. Wannan duk aikin inji ne. Nawa aikin shi ne launi. Ina ɗebo narkakken jan gilashi da ludayi mai dogon mariƙi, in tsiyaya shi siriri kamar zare a kan farin, dab da ramin. Yadda zaren ya kwanta haka zai sauka, ya naɗe, almakashi ya yanke, ya daskare a ciki har abada. In zafi ya yi yawa sai jan ya baje ya koɗe. In ya yi kaɗan sai ya dunƙule wuri ɗaya.

To nawa na bana sun fito da wani irin zane, jan yana karyewa yana tsalle hagu da dama. Masu tarawa sun sa masa suna Walƙiya, wai har rububinsa suke yi. Abokan aikina uku sun gwada, nasu bai fito ba. Manaja ya miƙo min hannu muka gaisa, har da ba ni wurin zama. Shekara ashirin da bakwai ina gidan nan, sai ranar na san launin kujerar ofishinsa.

Ki yi haƙuri da rubutun, teburin ɗakina ne ƙafarsa ɗaya ta gaza.

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa sallamarka, na kuma ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi. Kowa lafiya. Inna ta ce in gaya maka gwiwarta ce ba taka ba, kuma man yana nan inda ta ajiye shi. Da na karanta mata zancen kujerar Manaja sai da ta share hawaye da bakin mayafi, ta sa na maimaita wurin sau biyu.

Ni ma na yi murna, wallahi na yi. Amma murnar ba ta kai yamma ba.

Ka san kwalbar nan mai faɗin baki da ke kan tagar shagona, kusa da keken ɗinki. Duk ƙwallon da ka taɓa aiko min yana ciki, kuma ka san halina, kowace shekara da ƙullinta a guntun yadi. Da na gama karanta wasiƙarka sai na ce bari in ga Walƙiyar nan kusa da 'yan'uwanta. Na kwance su a kan teburin yanka, na jera su shekara-shekara a jikin rula don kada su gangare.

Yaya, ni tela ce. Layi nake kallo tun safe har rana ta faɗi. In aka kawo min riga gyara, daga layin ɗinkin nake sanin ko da gajiya aka yi ta ko da fushi. Naka na farko, jan yana zagaye ƙwallon sumul kamar an ja shi da alli. Shekara ashirin da huɗu haka yake. Na shekara uku da suka wuce, layin ya fara ɗan motsi, kaɗan, sai wanda ya sa ido. Na bara ya ƙaru. Na bana kuwa haƙoran zarto ne.

Sai na ɗauko wasiƙunka daga akwati, su ma na jera su. Teburin nan naka shekara uku ke nan yana ɗingishi, kuma kowace shekara ƙafar ƙara gajarta take yi. Wane irin tebur ne wannan da aka rasa ɗan kwalin tokare shi?

Ka tuna Baba? Ka tuna lokacin da Inna ta fara zuba masa shayi rabin kofi, tana cewa wai ganyen ne ya ƙare, don kada ya zubar a jikinsa ya ji kunya a gabanmu? Shi ma cewa ya riƙa yi kofin ne ke da santsi.

Ina tambayarka kai tsaye, kada ka kewaye ni. Hannunka rawa yake yi? In haka ne, da wannan hannun kake ɗibar wuta a ludayi kullum? Ban gaya wa Inna ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ku duka, da Inna. Ina lafiya.

Na ga wasiƙarki. Ashe tela ta zama likita ban sani ba. Mutum ya yi shekara ashirin da bakwai kafin wani ya ce masa sannu da aiki, ranar da aka faɗa kuma ƙanwarsa ta ce ciwo ne. Na gode.

Kada ki ƙara aiko min da wasiƙa masana'anta.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa. Mu dai muna nan da rai. Inna ta yi mura ta warke.

Yau wata biyu da kwana tara rabona da takardarka, ita ma layi biyar ce. Ka ce kada in ƙara rubuto maka masana'anta, alhali ka san tun da ka tashi daga tsohon ɗakinka ba ni da wani adireshi sai shi. Me ke nan? Ka rufe min ƙofa ka tafi da makulli. Na kira wayarka har na gaji, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Wannan takardar ma roƙon wani direban babbar mota maigidana ya yi, mai ɗauko kaya daga wajenku. Direban ya ce zai nemi mai zuba ja ya damƙa masa hannu da hannu.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Kai ne ka riƙa ɗaukata a wuya in ruwa ya cika hanyar makaranta, yau don na faɗi abin da idona ya gani ka yanke ni kamar ragowar zare. In na ɓata maka murnarka, ka yafe min, ban iya zaɓen lokaci ba. Amma maganar ba zan janye ta ba, don na sake jera ƙwallayen sau uku, kuma sau ukun abu ɗaya suke gaya min.

Inna kullum sai ta tambaya ko saƙo ya zo. Ƙaryata ta kusa ƙarewa. Na ce mata aiki ne ya yi maka yawa tun da ka zama babban mutum, ta ce babban mutumin ai ita ta yi masa wanka. Jiya ta ɗauki Walƙiya ɗaya ta ɗaga a hasken taga, ta daɗe tana kallo, ta mayar cikin kwalba. Kallon nan nata bai yi min daɗi ba.

Ko zagi ne ka rubuto, in dai zan ga hannunka.

Auta

*

Auta,

Kada gabanki ya faɗi da ganin baƙon rubutu. Dogo ne, abokin aikina mai kula da almakashi, yake rubutawa ina faɗa masa. Ina gaishe ku, ki yi wa Inna sannu da jiki.

Da farko dai kin cika saurin fushi, duk gidanmu haka muke. Ban ce kada ki rubuto min ba. Akawun masana'anta ne ke karɓar wasiƙu, kuma mutum ne da ambulan ba ya wucewa ta hannunsa a rufe. Tsoro na ji kada ya karanta taki ya kai wa Manaja. Na so in sa miki adireshin ɗakina a ƙasa, hannun ya ƙi. Layi biyar ɗin ma sai da na ɓata takarda huɗu. Ga shi nan Dogo zai rubuta miki a baya.

To kin ji amsarki ke nan. E, rawa yake yi. Na dama. Shekara uku, kamar yadda kika ƙirga. A gaban mutane aljihu nake cusa shi.

Sati uku bayan waccan wasiƙar, na ɗebo ja ina juyowa, sai hannun ya fizga. Ludayin ya bugi bakin tanderu, jan ya fantsamo ya same ni a hannu, daidai inda safar fata ta ƙare. Na ce musu santsi ne ya kwashe ni. An naɗe, yana warkewa, na ma koma aiki tun makon jiya.

Na san abin da za ki ce, amma ki tsaya ki ji nawa. Injiniyanmu ya yi sati biyu yana tsaye a bayana da littafi, yana auna zafi, yana auna nisan ludayi da rami, wai yana neman sirrin Walƙiya. Ni kuwa ina tsaye ina jin sirrin tun daga kafaɗata. Lokacin da hannun nan yake nawa, na ja layin da babu wanda ya iya jan irinsa a gidan nan. Shekara ashirin da huɗu ana zuba su a buhu ana kai wa yara, babu wanda ya taɓa tambayar wa ya yi. Sai yanzu da hannun ya lalace ake ɗora su ɗaya-ɗaya a kan auduga cikin akwatin gilashi. Abin yana min ciwo, yana kuma min daɗi, kuma daɗin ne ya fi ba ni kunya.

An karɓi babban aiki daga mutanen Mai Tabarau, na wata huɗu. Bari in gama shi tukuna.

Yayanki

Ƙanwarmu, wannan layin nawa ne, ni Dogo, bai san na ƙara ba. Ƙunar ta fi yadda ya faɗa. Da ya ɗan sunkuya kaɗan da a ido ta same shi. Ki matsa masa, mu ba ya jin tamu.

*

Yaya,

Alhamdu lillahi da na ji daga gare ka. Sannu da hannu, Allah ya ba ka lafiya. Ka gaishe min da Dogo, ka ce masa rubutunsa ya fi naka muni, shi da ba shi da uzuri.

Na yafe, kai ma ka yafe, mu wuce wurin.

Wata huɗu! Haba Yaya. Kwana nawa ke nan, ludayi nawa? Ba zan ce ka bar aiki ba, don na san ka, in na ce gabas yamma za ka nufa. Abu ɗaya nake roƙo, ka je ka ga likita. Zamanin Baba daban, yanzu daban. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya da ke kawo min ɗinki, ta ce akwai maganin da ke kwantar da rawar. In ƙarshen watan nan ya yi ba ka je ba, wallahi da hannuna zan rubuta wa Manajan naka, in bar ambulan ɗin a buɗe don in hutar da akawu.

Kana ganin kai kaɗai ke jin tsoro? Kullum da safe kafin in hau keke sai na zura zare a allura sau uku, ina kallon yatsuna. Ni ma 'yar Baba ce.

Inna ta sani. Ba ni na gaya mata ba. Muna zaune tana tsinta min maɓallai, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Hannun ubansa ne a cikin ƙwallon nan." Da yamma na tarar ta fito da kofin Baba daga kwaba tana wankewa. Na karɓe na mayar.

Ka je, don Allah.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ku. Dubi rubutun nan! Ni ne da kaina, ba Dogo ba.

Na je. Likita ya sa na miƙe hannu, na taɓa hancina, na zana da'ira a takarda kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce irin na Baba ne. Ya ce maganin ba ya warkarwa, lokaci kawai yake ƙara wa mutum, wataƙila shekaru masu ɗan dama. Kwana goma da fara sha, yau na sa maɓallin rigata ba tare da mun yi faɗa ba. Na zauna a bakin gado na yi ta dariya ni kaɗai.

Na ajiye takardar nan a daidai nan sati biyu. Yanzu na ci gaba, kuma za ki ga bambanci da idonki na tela.

Walƙiya ta ɓace. Na tsiyaya ja, ya kwanta sumul kamar da. Ganga biyu cur babu ko ɗaya mai tsalle. Na gwada girgiza hannun da gangan, abin ya fito kamar ɗinkin ɗan koyo, Mai Tabarau daga bakin ƙofa za ta gane.

Manaja ya kira ni, ya sake ba ni kujerar. Na ga ɓoyo ba shi da sauran amfani, na faɗa masa komai. Auta, ko gezau bai yi ba. Ashe Injiniya ya gane tun da daɗewa, tun kafin in ƙone, shiru kawai suka yi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce kamar uba nake a wurinsa. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Baba, maganin nan dole ne kullum? Ba za a ɗan ɗaga masa ƙafa ba zuwa mu cika alkawarin mutanen nan?" Ya ce in aikin ya suɓuce za a rufe ɓangarenmu, kuma mu shida ne a wurin. Ban sani ba ko gaskiya ne ko tsoratarwa.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Yau kwana biyar ban sha ba. Jiya Walƙiya ta dawo, ta ma fi da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Inna lafiya. Ni ce ba lafiya, tun da na karanta takardarka.

Kamar uba! Wane ɗa ne zai ce wa ubansa ya ajiye magani ya ɗauki wuta? Mutumin nan ya san hannunka na rawa ranar da ka ƙone, ya bari aka naɗe ka ka koma bakin tanderu. Ba kai suke yabo ba, Yaya, ciwonka suke so. Ita ma Mai Tabarau, duk madubinta, ta ga komai a cikin ƙwallon ban da mutum.

Ka ce babu wanda ya taɓa ganin layinka na da. Ni fa? Shekara ashirin da huɗu ina ƙulle su a yadi don me? Lokacin da nake koyon ɗinki, in layina ya karkace aka sa na warware, ƙwallonka nake ɗauka in kalla, in ce yayana da wuta ma ya ja miƙaƙƙe, balle ni da zare. Ban taɓa gaya maka ba don kada kanka ya kumbura. To yanzu na faɗa, ya kumbura.

Mutum biyar ɗin nan da aka ɗora maka a ka, ka tambaye su. Ka ba Dogo takardar nan ya karanta musu a fili, su faɗa da bakinsu ko suna son aikinsu a bakin idonka.

Na share ɗakin da ke bayan shago, na ɗinka labule. Akwai tebur a ciki, ƙafafunsa huɗu daidai suke, na gwada.

Auta

*

Auta,

Sallama gare ku, ke da maigidanki da yara, da tsohuwa mai ɓoyon man shafawa. Da sauƙi, kamar yadda rubutun zai gaya miki.

Ban ba Dogo takardarki ba, shi ya zare ta daga aljihuna lokacin hutun rana, ya hau kan ganga ya karanta. Wurin kumburin kai sun yi dariya har da riƙe ciki. Wurin ido babu wanda ya yi. Dogo ya sauko ya je ya kashe almakashi, ya ce shi ya gama yanka gilashin da aka zuba da ciwona. Sauran suka tsaya a bayansa. Manaja ya fito ya yi ta faɗa, ya koma ofis ya rufe ƙofa. Ko za a rufe ɓangaren ko ba za a rufe ba, har yau bai ce ba, kuma abin yana damuna. Amma a gabansu na haɗiyi ƙwayar maganina da ruwan famfo.

Na ajiye aiki, amma na ƙara kwana goma don in koya wa wanda zai karɓi ludayin. Ranar ƙarshe na zuba da kaina. Washegari da ƙwallayen suka huce na je kwasar kayana, sai na tarar da Mai Tabarau ta zo jin dalilin jinkiri. Na ɗauko ɗaya daga gangar na miƙa mata. Jan ya zagaye shi sau uku, tun daga inda almakashi ya yanka a sama har inda ya yanka a ƙasa, babu ko gargada. Ta sa madubi ta juya shi sau ɗaya, ta mayar min ta ce, "Wannan ai na yara ne." Na ji zafin maganar, ba zan ce ban ji ba.

Shi ne a cikin ƙunshin nan. Ki sa shi a ƙarshen layi, bayan Walƙiyoyin, ki duba min da idonki ko ya kai na da.

Zan biyo direban nan ƙarshen wata. Ki ce wa Inna ta bar kofin Baba a kwaba. Nawa kuma a cika shi har baki. Na san ranar rabin kofi tana zuwa, amma in ta zo ki faɗa min da bakinki, kada a ce min ganye ne ya ƙare.

Yayanki